Ƙusoshin Diddige

"…Lafiya lau, Amarya. Ya aikin?"

"Aiki yana can inda na baro shi. Kai fa, Tsoho, ya zaman banza?"

"Zaman banza da godiya. Ya dai fi tsayuwar banza da safa a gaban mutane."

Tsoho yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, a kan kujerar da ya haɗa da hannunsa tun kafin a haifi uban yarinyar. Kafinta ne da ya ajiye aiki, ko kuwa a ce aikin ne ya ajiye shi, don shi har yau bai yarda ya ajiye ba. A gidan nan duk abin da ya yi girgiɗi sai ya sha ƙusa, tun daga marfin taga har mariƙin bokiti da bayan rediyo. Wadda ke tsaye a kansa jikarsa ce, 'yar babban ɗansa. Ta samu gurbin koyon gyaran jirgin sama, kuma har yanzu a kan gwaji take. Silifa ne a ƙafarta, takalmin aikin kuwa ta ɗaure igiyoyinsa ta rataya a wuya.

Dokar wurin aikinta iri biyu ce, kuma ba sa ga maciji da juna. Ta farko, ba a zuwa gindin jirgi sai da takalmi mai taurin baki, saboda abin da ka iya faɗowa a kan yatsu. Ta biyu, kowace safiya sai ma'aikaci ya bi ta wata ƙofar bincike da ke kuka in ta ji ƙarfe. Namiji in ƙofa ta yi masa kuka, nan take a lalube shi ya wuce. Mace kuwa sai ta koma gefe ta jira a nemo mace mai bincike, ita kuma motar da ke kwasar ma'aikata zuwa rumfar gyara ba ta san jira ba.

Da farko tsohon takalminsa mai bakin ƙarfe Tsoho ya ba ta, don ƙafarta ta gaji tasa a faɗi. Ƙofa ta yi ta kuka har shugabanta ya gaji. Sai ta je ta sayo sabo, wanda aka ce mata babu ko ƙwayar ƙarfe a jikinsa, ta ajiye shi a baranda ta shiga wanka. Tsoho ya ɗauka ya juya, ya ga ashe gam kaɗai ke riƙe da diddigen. Abin da ya biyo baya shi da gudumarsa suka sani, sai kuma baƙin man takalmin da ya shafe a wurin don kada a ga kawunan ƙusoshin.

"Yau ma na yi tsayuwar safar," in ji ta.

Tsoho ya gyara zama. "Da sabon?"

"Da sabon. Ina sa ƙafa ƙofa ta ɗauki kuka kamar an taka mata wutsiya. Matuƙa jirgi suna wucewa da jakunkunansu, ni kuwa ina gefe da safa mai huji, babban yatsana ya leƙo yana gaishe su."

"Ai gara naki, yana nan ya yi gaisuwa. Nawa tun da ya tafi ko saƙo bai aiko ba."

"Naka gudu ya yi, ya gaji da warin safarka."

"Ƙarya kike yi. Girma ya yi masa yawa, ya ƙi zama da ƙananan yatsu."

Ya dubi ƙafarsa ta dama, inda babban yatsa ya kamata ya kasance. Kowa a gidan ya san akwatin injin da ya suɓuce daga igiya ya faɗo masa a ƙafa a ma'aikatar da ya yi aiki, amma ba a cika tayar da zancen ba sai in wasa ya kawo.

Ta zauna a kan dakali, ta sauke takalmin a cinyarta. "Mota ta tafi ta bar ni. Da ƙafa na je rumfa, na tarar har an buɗe cikin injin an rufe. Shugabanmu bai yi faɗa ba, shi ne abin tsoron. Cewa kawai ya yi akwai masu jiran gurbina, in gobe mota ta sake tafiya ba ni, kada in wahalar da ƙafata."

Tsoho ya sosa ƙeya.

"To," in ji shi, "wataƙila ba takalmin ba ne. Kin cire 'yan kunne?"

"Na cire."

"Agogo fa?"

"Yana cikin tire."

"To kanki ne. Tun kina goye na san da ƙarfe a cikinsa. An ce ki yi ɗinki kin ƙi, an ce ki yi koyarwa kin ƙi, sai kin shiga ƙarƙashin abin da ya fi gidan nan girma."

"In taurin kai ke sa ƙofa kuka, kai ranar da ka je sai ta suma."

"Me na'urar ta ce? A ina ta ce ƙarfen yake?"

"Ban tsaya tambaya ba," ta ce, tana kallon farcenta. "Ni dai na san mai shago ya cuce ni. Tsohon takalmi ya gyara ya sayar mini a matsayin sabo. Tashi za ka yi ka raka ni, yau sai ya san ina da miji."

"Wane mijin?"

"Kai mana. Ko ka sake ni ban sani ba?"

"Ai tun ranar da kika fi ni tsawo na sake ki. Ba na zama da matar da ke ganin tsakiyar kaina."

"Babu abin gani a wurin ai, fili ne, jirgi ma zai iya sauka. Tashi."

"Bayana yana ciwo."

"Ɗazu uwata ta ce ta gan ka a kan tsani kana buga wa rufin kaji ƙusa."

"Shi ya jawo ciwon. Ga hadari kuma yana haɗuwa."

Ta ɗaga kai ta dubi sama. Ko gajimare ɗaya babu.

"Hadarin tsofaffi ne," in ji shi, "sai wanda ya manyanta yake ganinsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kin ga, bar mini takalmin nan ki je ki ci abinci. Zan ɗan duba shi."

"Ka duba shi da me?"

"Da ido."

"Idon da ya gaishe da tulun ruwa jiya, yana tsammani maƙwabcinmu ne?"

"Sun yi kama ne. Kuma tulun ya fi shi amsa gaisuwa."

Ta mayar da takalmin wuyanta ta ƙara ƙulla igiyar. Tsoho ya ga dai ba a bar masa ƙofa ba. Ya tashi a hankali, ya ce bari ya ɗauko hula. Ya shiga ɗaki ya daɗe, daɗewar da ta fi ta ɗaukar hula. An ji motsin katifa, an ji ƙarar akwatin kayan aiki. Da ya fito aljihun rigarsa na ƙirji ya ɗan rinjayi gefe guda.

A cikin motar haya ta zauna ta taga, takalmin a cinyarta, hannayenta biyu a kansa kamar mai riƙe da jariri. Sau biyu Tsoho ya miƙa hannu.

"Kawo in riƙe miki, ya yi miki nauyi."

"Ba shi da nauyi. Shi ne ma abin da na saye shi dominsa."

"Abu marar nauyi ba ya daɗewa. A zamaninmu in ka sa takalmin aiki sai ka yi shawara da ƙafarka kafin ka ɗaga ta."

"Shi ya sa kuka yi ta tafiya ba ku isa ko'ina ba."

"Mun isa inda muka haifi ubanki, shi kuma ya haifo mana fitina."

Wata mata da ke zaune a bayansu ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Baba, jikarka ce?"

"Ina fa. Tsohuwar matata ce, rabuwa za mu je mu yi. Na gaji da ciyar da mai wannan ƙafa, takalminta kaɗai sai an yanka saniya guda."

"Ki tambaye shi inda na samo ƙafar," in ji jikar. "Shi in ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafarsa ta riga ta shiga ɗaki ta zauna."

Tsoho ya yi dariya tare da su, amma hankalinsa yana kan mai shago. Mutum ne da bai taɓa gani ba, bai ci masa ba bai sha masa ba, ga shi za a je a kira shi macuci a cikin shagonsa. Ya lissafa a ransa cewa in ya samu takalmin a hannunsa na ɗan lokaci, ko da a bayan kantar shagon ne, aiki zai yi kyau. Matsalar ɗaya ce, ya san yadda ya buga su. Abin da ya buga ba ya fita da sauƙi, da wannan aka san shi.

Shagon ɗan siriri ne mai zurfi, kwalaye jere har rufi, ga warin sabuwar roba da fata. Hulunan kwano na ma'aikata suna rataye a gefe guda, safar hannu a ɗaya gefen. Akwai benci na gwada takalmi da ɗan madubi a ƙasa, wanda ba ya nuna komai sai ƙafa. Mai shago mutum ne mai jiki, mai sanyin magana, da tabarau a kan goshi. Babu kowa a shagon sai shi.

"Sannunku da zuwa. Baba, ga benci."

"Ba zama ya kawo mu ba," in ji jikar. Ta dire takalmin a kan kantar shagon. "Ka ce mini babu ƙarfe."

"Babu."

"To ƙofa ta ce akwai, ita kuwa ba ta da riba a kaina."

"'Yar nan, bi a hankali," in ji Tsoho. "Na'ura ma tana kuskure. Rediyona ma wani lokaci yakan kama tashar da ban nema ba."

"Rediyonka ai ƙusa ka buga masa a ciki."

"A baya na buga."

Mai shago ya jawo aljihun tebur ya fito da wani baƙin maganaɗisu kamar ƙwallon goriba, ya sauko da tabaransa kan hanci.

"Wurare uku ƙarfe ke ɓuya a takalmin aiki," in ji shi. "Baki, da tsakiyar tafi inda ake sa masa ƙashin baya, sai ramukan igiya. Mu tambaye su ɗaya bayan ɗaya."

Ya ɗora maganaɗisun a bakin takalmin, ya saki. Ya gangaro ya faɗi a kan kanta. Ya kifa takalmin ya ɗora a tsakiyar tafi, ya zame. Ya bi ramukan igiya, ko gezau.

"Alhamdu lillahi," in ji Tsoho, har ya fara juyawa. "Kin gani ko? Bawan Allah ya fita. Tashi mu tafi, ki nemi gafararsa a hanya."

"Saura diddige," in ji ta.

"Wa ke sa ƙarfe a diddige? Kada ki ɓata wa mutum lokaci."

"Ni ma ban taɓa gani ba," in ji mai shago, "amma gwaji ba ya cin kuɗi."

"Tsaya tukuna. Kawo abin nan in gani. Sau da yawa irin waɗannan na jabu ne, sai su kama abin da babu."

Mai shago ya miƙa masa. Tsoho ya karɓa ya kawo shi kusa da ido, wato kusa da ƙirji, don idon nasa ba ya gani sai abu ya zo gaisuwa. Maganaɗisun ya fizge daga yatsunsa ya manne a aljihun rigarsa, ƙwas, ya tsaya a nan kamar lambar yabo.

Jikar ta zuba wa aljihun ido.

"Ango," in ji jikar a hankali, "me ke cikin aljihun?"

"Zuciyata ce. Ta ƙarfe ce, shi ya sa na iya zama da ke."

"Zuciya mai hannu biyu? Ga su nan sun leƙo."

Ya ciro awartakin cire ƙusa ya ajiye a kan kanta, yana kallonsa kamar yau suka fara haɗuwa. "Kafinta ba ya fita hannu sake. Wa ya sani ko motar haya za ta lalace."

"Sai ka cire mata ƙusa."

"Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as," in ji mai shago, kamar da kwalayensa yake magana. Ya ɓamɓare maganaɗisun daga jikin awartakin ya kai shi diddigen takalmin. Tun kafin ya taɓa, abin ya yi tsalle ya kama. Ya ɗaga takalmin sama ya girgiza, bai faɗo ba. Ya sa farce ya kankare baƙin man da ke gefen diddigen, sai ga kawunan ƙananan ƙusoshi sun fito suna ƙyalli.

"Wannan ba daga kamfani ya zo ba," in ji shi.

"Ka gani?" Jikar ta juya ga kakanta. "Na ce maka tsoho ne aka gyara. Kuma dubi aikin, don Allah. Ko gyaran ma ba a kai wa wanda ya iya ba. Wani ɗan koyo aka samu, wanda bai san kan guduma da gindinta ba."

Tsoho ya motsa baki, ya fasa.

"Dubi yadda suka karkace," ta ci gaba. "Wannan ta kalli gabas, wannan ta kalli yamma. Ko makaho aka ba guduma ai zai buga ɗaya a miƙe."

"Gaskiya sun karkace," in ji mai shago, yana girgiza kai. "Hannun mai shi yana rawa, da alama."

"Ko kuma tsufa ne. Wani in ya tsufa sai ya ga ƙusa biyu, ya bugi wadda babu."

"Ba rawa hannunsa yake yi ba," in ji Tsoho.

"Na'am?"

"Na ce ba karkacewa suka yi ba, karkatar da su aka yi. Ku yaran yanzu ba ku san komai ba sai gam. Ƙusar da aka buga a miƙe, tafiya kaɗan za ta yi ta zare. Amma in ka buga su biyu-biyu, wannan ta kwanto nan, wannan ta kwanto can, sai su sarƙe a ciki su riƙe juna. Diddigen nan ko jirgin ne ya taka shi ba zai rabu da takalmin ba. Kuma ba a buga su ta ƙasa inda za su soki ƙafa, ta gefe na bi da su, na…"

Ya tsaya. Kalmar ta riga ta fita, ba ta kuma da igiyar da za a jawo ta.

Mai shago ya cire tabaransa yana goge ido. Jikar ta kifa kai a kan kanta, kafaɗunta suna rawa.

"Ka bi da su ta ina, Ango? Ƙarasa mana."

Tsoho ya nemi benci ya zauna. Ya cire hula ya dubi cikinta, ya mayar. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji shi. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun da safe. Da mai binciken ta zo, ta sa takalmin a na'ura ta kira ni in gani a allo. Ga su nan biyu-biyu sun rungumi juna. Na ce a raina, wannan ai ƙasan kujerarmu ne. Tun ina rarrafe nake shiga ƙarƙashinta ina kallonsu."

"Ta biyo ta nan kafin ta je gida," in ji mai shago. "Ta ce in yi haƙuri da duk abin da zan ji, wani babban kifi za ta kawo."

"Wato ku biyu kuka haɗa mini tarko."

"Kai ka haɗa abinka, mu ƙusa kawai muka buga."

Tsoho ya ɗago kai. "To a allon… sun fito da kyau?"

"Tsoho."

"Tambaya na yi. Ban taɓa ganin aikina ta ciki ba."

"Sun fito da kyau," ta ce, tana share hawayen dariya. "Har mai binciken ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani. Suna yaba aikinka, mota tana tafiya."

"Garin gyaran gira na tsone ido," in ji shi. "Shekara da shekaru ina gyara abin da ya lalace, yau na gyara abin da ba abin da ya same shi. Da ma ubanki ya ce in na rasa abin bugawa wata rana inuwata zan buga a bango."

Ta zo ta zauna kusa da shi a kan bencin. Ƙafafunsu huɗu suka bayyana a ɗan madubin nan na ƙasa, iri ɗaya sak a faɗi, sai dai ɗaya da giɓi.

"Me ya kai ka?" ta tambaya, ba da wasa ba wannan karon.

Bai dube ta ba, madubin yake kallo. "Ranar da akwatin nan ya faɗo, ni ma takalmi mai kyau na sa," in ji shi. "Kyau kaɗai gare shi."

Mai shago ya juya ya shiga gyara kwalayen da ba su karkace ba.

"To a cire su mana," in ji Tsoho, ya miƙa hannu ga awartakinsa.

"Baba, ko an cire ba zai yi ba," in ji mai shago. "Hujin zai sha ruwa da mai, ita kuwa cikinsu take yini. Kuma in kan guda ɗaya ya karye a ciki, gobe ƙofa za ta sake kuka."

"Ba ma za su ciru ba," in ji Tsoho, da wata murya da ba a san ko nadama ce ko alfahari ba. "Kawo wani irinsa. Amma ba zan yarda da bakin roba ba sai na gani da idona."

Mai shago ya shiga ciki ya fito da sabon kwali, da kuma wani rabin takalmi da aka yanka don nuna wa masu saye, ƙoƙon bakinsa a waje. Ya ɗora shi a ƙasa, ya miƙa wa Tsoho guduma.

"Ba roba ce irin ta bokiti ba. Buga."

Tsoho ya auna gudumar a hannu, ya ɗan taɓe baki don ba ta kai tasa ba. Ya buga. Gudumar ta yi tsalle ta dawo. Ya gyara tsayuwa ya tattara abin da shekaru suka bar masa ya sake bugawa, har hularsa ta zame. Ya durƙusa ya shafa wurin da yatsa. Ko alama babu.

"Ga mai ciwon baya," in ji jikar.

"Ya warke yanzu." Ya miƙe yana haki. "Abin duniya. Mun yi zamani, roba ta yi wa ƙarfe rashin kunya. Sa ki taka in gani."

Ta sa, ta ɗaure, ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Ya sa ta tsaya, ya ɗora ƙafarsa a kan bakin takalmin ya hau da dukkan nauyinsa.

"Kin ji wani abu?"

"Na ji kamar ƙuda ya sauka."

"Ƙudan da ya goya ubanki."

Da kansa ya karɓi maganaɗisun ya bi takalmin da shi, baki da tafi da ramuka da diddige, ƙafar dama da ta hagu. Ya zo diddigen ya ɗan daɗe, yana murza gefen da babban yatsan hannunsa.

"Gam ne dai kaɗai," ya ce a hankali.

"Tsoho, ɗauke hannunka."

Ya ɗauke. Ta buɗe jakarta, amma ya riga ta. Daga aljihun gefe ya ciro wani ƙullin hankici, ya kwance shi da haƙori ya tura wa mai shago ba tare da ya tambayi farashi ba. Ta dubi hankicin, ta dube shi.

"Wato hular da ka shiga ɗaukowa ke nan."

"Hula ce mai nauyi."

"Tun a gida ka san za ka faɗi."

"Na san dai da wa na fito. Wanda ya auri fitina ba ya fita ba guziri."

Mai shago ya ɗauki takalmin mai ƙusa zai sa a leda. Tsoho ya ce ya dakata. Ya tuɓe nasa tsofaffin, ya zura ƙafa a ciki. Ta hagu ta ɗan matse, ta dama kuwa ta shige sumul, har da sauran wuri.

"Kin ga amfanin rashin yatsa," in ji shi. Ya tashi ya taka, ya buga diddige a ƙasa sau biyu, yana saurare. "Wannan nawa ne. Ni ba wata ƙofa da ta rage mini sai guda ɗaya, ita kuwa ba a shiga da takalmi."

"Kul. Ba inda za ka sai ka ga jirgin da na gyara ya tashi."

"In ke kika gyara, daga nesa zan tsaya."

"Ni aƙalla ba zan buga masa ƙusa a fiffike ba."

"Shi ya sa zan tsaya daga nesa."

Suka yi sallama da mai shago suka fito. A bakin titi ta rungume kwalin a ƙirji, ta ce yau da shi za ta kwana, a ƙarƙashin matashi, ƙofa a kulle. Tsoho ya tsaya ya ciro awartakin ya ɗora mata a kan kwalin.

"Riƙe wannan. In mun je gida ki shiga ɗakina ki ɗauki gudumar, da gwangwanin ƙusoshin da ke ƙarƙashin gado. Ki ɓoye su inda ba zan gani ba, sai kin gama gwajinki."

"Har da na cikin aljihun wandonka."

Ya dube ta. Ya sa hannu ya ciro 'yan ƙusoshi ya zuba mata a tafin hannu, yana dariya har tari ya kama shi. Sai ya sa yatsu biyu ya ɗauke guda ɗaya ya mayar aljihu.

"Wannan fa?"

"Bar mini ita, Amarya. Haƙorina na gaba ya fara girgiɗi."